Karen Mai Risala: Tarihin Kare Tsakanin Malamanmu da Gidajenmu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin mai tafiya da ƙafa biyu da mai tafiya da huɗu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, duk wanda ya daɗe a Kwatano ya ga yadda gidajen Musulmi suka sauya a 'yan shekarun nan. Da can in ka ji haushin kare a bayan katanga ba sai ka tambaya ba, ka san gidan ba na ɗan Zongo ba ne. Yanzu kuwa daga nan Vêdoko har cikin Zongo, mai shago da mai sito da mai kwana da babura a tsakar gida, da yawansu sun ajiye kare saboda ɓarayi. (A garin nan ma sai ka yi hankali da kalmar, don in ka ce Alhaji ya sayi kare, wani zai ɗauka fili ya saya, tunda da wannan sunan muke kiran filin gida a bakin Faransanci.) Tambayoyi kuwa sun biyo baya. Wannan ya ce kare ya shinshini rigarsa, ko sallarsa ta yi? Wancan ya ce karen maƙwabci ya hana shi barci, ko ya halatta ya jefa masa nama da guba? Wata uwa kuma ɗanta ne ya tsinto kwikwiyo a cikin kwata bayan ruwan sama, ya ɓoye shi bayan ɗaki, ta rasa ko ta mayar da shi inda aka ɗauko shi ko ta bar shi. Mas'alar nan tsohuwa ce, malamanmu sun yi ta juya ta fiye da shekara dubu, kuma abin da suka bari a rubuce ya fi abin da muka gada a baki faɗi.

Mu fara da Ƙairawan, a ƙasar Tunusiya ta yau. A can ne Shehu Abdullahi ɗan Abu Zaidin ya zauna, mai Risalar nan da kowane almajirin zaure yake biyawa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996 Miladiyya. A wajen ƙarshen Risala akwai babi guda da ya haɗa maganar neman magani da tofi da camfi da taurari da yi wa dabba tambari da karnuka. A nan Shehun ya hana ajiye kare a cikin gidaje, na birni ko na ƙauye, sai don gona, ko don dabbobin da zai raka su jeji ya dawo da su, ko don farautar da mutum yake ci da ita, ba ta wasa ba. Wannan shi ne sanannen ra'ayin Imamu Malik, kuma haka muka karanta shi.

To amma masu sharhin Risala sun kawo wani labari a daidai wannan wuri, wanda sau da yawa malami kan wuce shi in yana sauri. Shehun ya rayu a zamanin da Ubaidiyyawa, waɗanda ake kira Faɗimiyyawa, suke da iko da ƙasar, kuma malaman Malikiyya na Ƙairawan sun sha wuya a hannunsu, an ɗaure wasu, an kashe wasu. Sai katangar gidansa ta faɗi, ya ji tsoro a kan ransa, ya nemo kare ya ɗaure a gidan. Aka ce masa, ai Malik ya ƙi wannan. Amsar da ya bayar, ma'anarta ita ce da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye, mai cizo ma kuwa. Ku duba fa, mutumin da ya rubuta hanin da hannunsa shi ne ya ajiye karen. Bai soke abin da ya rubuta ba. Ya dai san Malik ya yi maganarsa ne a Madinar da mutum ke kwana lafiya, shi kuwa katangarsa a ƙasa take. Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Da wannan labarin ne malaman baya suka ƙarfafa halaccin ajiye kare don tsaron gida idan tsoro ya tabbata.

Kafin mu yi nisa, mu koma Madina mu ga inda maganar ta samo tushe. Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi, ya nuna mana shi kwance a bakin kogo, kuma duk sa'ad da aka kawo ƙidayar samarin nan sai an kawo shi tare da su. A Suratul A'araf an buga misali da lallage harshensa ga mutumin da aka ba ilmi ya watsar. A Suratul Ma'ida kuma an halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Adiyyu ɗan Hatim bayanin sharuɗɗan sakin karen farauta dalla-dalla. A hadisi kuwa abubuwa biyu suka zo gefe da gefe. Akwai gargaɗin cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata, da kuma cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Akwai kuma labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hauro ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, da labarin macen banza daga Banu Isra'ila da aka gafarta wa saboda irin wannan aiki. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. Karnukan nan biyu da aka shayar ba na farauta ba ne, ba na kiwo ba, na kan hanya ne, ba wanda ya san mai su.

Waƙidi ma ya kawo a littafinsa na yaƙoƙi cewa a kan hanyar buɗe Makka, shekara ta 8, rundunar ta iske wata karya tana shayar da 'ya'yanta a gefen hanya, sai Annabi ya sa Ju'ailu ɗan Suraƙa ya tsaya kusa da ita don kada wani ya taɓa su. Malaman hadisi suna da magana a kan ruwayoyin Waƙidi, don haka ba a gina hukunci a kan wannan shi kaɗai, amma marubutan sira sun ɗauko shi ba tare da sun ga ya saɓa wa halin Annabi ba.

Me ya sa ake rage ladan? Malamai sun ba da dalilai. Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne wanda Ibnu Hajar ya kawo a sharhin Buhari, cewa Halifa Mansur ya tambayi Amru ɗan Ubaidu dalilin, da bai kawo amsa ba sai Halifan ya ce don yana yi wa baƙo haushi, yana tsorata mai bara. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da ake nufi. Gida ne da almajiri ke tsayawa a ƙofarsa, maƙwabciya ta shigo aron turmi, yara su shigo su fita ba sallama. Ranar da ka saki kare a zaurenka, ladan waɗannan duka ya koma gidan wani. Ibnu Abdil Barri, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 463 bayan Hijira, ya fahimci hadisin a kan karhanci, ya kuma ce halaccin ya shafi duk wata buƙata ta jawo amfani ko tunkuɗe cuta, ba ukun nan da aka ambata kaɗai ba.

Maganar kisa kuwa, gaskiya ne an taɓa ba da umarnin kashe karnukan Madina, sa'an nan aka janye shi, har aka bayyana cewa karnuka al'umma ce daga cikin al'ummu. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin mazhabarmu akwai waɗanda suka tsaya a kan halaccin kashe karen da ba a yi izinin ajiye shi ba, Alƙali Iyal ya jingina wannan ga Malik da almajiransa. Ibnu Abdil Barri kuma ya zaɓi kada a kashe ko ɗaya matuƙar bai cutar da kowa ba, haka Imamul Haramaini a wajen Shafi'awa. Ni wannan na biyun nake ba da fatawa da shi. Kuma ko a wajen masu halattawa, ba wanda ya halatta azabtarwa. Naman guba da ake jefawa ta kan katanga yana sa dabba ta yi awowi tana birgima, kuma kaza ko kyanwa ko yaro mai rarrafe na iya riga karen isa gare shi. In karen na tsaro ne kuwa, Risala ta faɗa a babin ciniki cewa wanda ya kashe shi sai ya biya ƙimarsa.

Sai tsarki, inda aka fi yin gardama a bakin masallaci. A wajen Malik duk mai rai tsarkakakke ne, da yawunsa da guminsa da hawayensa, har da kare. Mudawwana ta nuna yadda ya tsaya yana auna hadisin wanke ƙwarya sau bakwai da ayar farauta: dabbar da aka halatta a ci abin da ta kamo da bakinta, ta yaya yawunta zai zama najasa? A can ne kuma aka ce yana kallon kare kamar ɗaya daga cikin mutanen gida, ba kamar sauran namun dawa ba. Saboda haka Muhtasar na Halilu ya sa wanke ƙwaryar ruwa sau bakwai a matsayin mustahabbi, bauta ce da ake yi don an yi umarni, ba sai an sa ƙasa ba. Buhari kuma ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar cewa karnuka suna shiga masallaci suna fita a zamanin Annabi, ba a bin sawunsu da ruwa. Shafi'awa da Hambalawa sun ce najasa ce mai nauyi, wanki bakwai ɗaya da ƙasa. Hanafawa sun ce yawun ne najasa. A unguwarmu akwai waɗanda suka yi karatu a Madina da Misra da Sudan, kowa da abin da ya ɗauko, kuma kowannensu yana da imami a bayansa. Abin da ba shi da imami shi ne ka ga kare ya gogi rigar Bamalike ka ce masa sallarsa ta ɓaci. A 2020 ma Muftin Misra na lokacin, Shehu Shauƙi Allam, ya fito ya ce da ra'ayin Malik suke ba da fatawa a wannan mas'ala.

Akwai wata mas'ala a babin taimama da nake so ɗalibai su riƙe. Matafiyi yana da ruwan da bai fi na alwala ba, ga dabbar da ke tare da shi tana neman mutuwa don ƙishirwa. Halilu ya ce ya shayar da ita ya yi taimama, masu sharhi kuma suka lissafa karen da aka yi izinin ajiyewa a cikin dabbobin. Ruwan alwala ke nan fa aka ce a ba kare.

To in haka littattafanmu suke, daga ina muka samo wannan ƙyama mai tsanani, har sunansa ya zama zagin da ba a yafewa? A ganina tarihinmu ne ya ƙara mata gishiri. Tsohon littafin tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ba da labarin mutanen Dala a zamanin Barbushe, yadda suke kai wa Tsumburbura baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Da Wangarawa suka kawo Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, ƙarni na 14, sai kare ya zauna a zukatan mutane a ɓangaren abin da aka baro. Kakanninmu fatake kuma, da suka biyo hanyar goro ta Nikki da Faraku da Jugu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suka kafa zango-zango, sun zauna cikin al'ummun da wasunsu ke cin naman kare. A nan kudu kuma kowa ya san kare yana cikin abin da masu bautar Gu, wanda Yarabawa ke kira Ogun, suke yankawa. Baƙon da ke son a san shi Musulmi ne, nisantar kare ta zama masa alama, kamar rawani da buta. Wannan abin fahimta ne, sai dai alama ce ta zamantakewa, bai kamata a ɗora wa Malik ita ba.

Duk da haka ƙasar Hausa ba ta taɓa rabuwa da kare ba. Har gobe in rani ya yi aka kawar da amfanin gona, mafarautan ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi suna fita da garken karnuka, kowa ya san nasa, yana ba shi rabonsa daga abin da aka kamo. Bafulatani yana da nasa a ruga. Buzayen Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suna da dogon karen nan siriri mai gudu da ke tsaron zangonsu, wanda Turawa suka kwasa zuwa ƙasashensu a shekarun 1970 suka sa masa sunan yankin. Waɗannan duka Musulmi ne masu salla, kuma a kan izinin hadisi suke.

Marubutan Larabci ma sun ba kare shafuka. Jahiz na Basra ya cika wani babban sashe na littafinsa na dabbobi da gardama tsakanin mai kare da mai zakara. Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a 309 bayan Hijira, ya yi littafi sukutum, sunansa kawai ya isa: fifikon karnuka a kan da yawa daga masu sa tufafi. Da mutanen zamaninsa yake.

Amma inda tarihin ya fi ba da darasi shi ne Istambul, birnin Daular Usmaniyya. Ɗaruruwan shekaru Musulmin birnin ba sa shigar da kare ɗaki, amma kowace unguwa tana da nata karnukan, sun san mutanenta, suna yi wa baƙon dare haushi, suna cinye sauran abincin da aka zubar. Matafiyan Turai na ƙarni na 17 sun rubuta da mamaki yadda ake ajiye musu ruwa a bakin hanya, ake yi wa karyar da ta haihu 'yar rumfa, da yadda wasu ke barin wasiyya a sayi abinci a ciyar da karnuka da kyanwoyi bayan ransu. Akwai masu sana'ar yawo da kayan ciki, ka biya su su raba wa dabbobin a matsayin sadakarka. Karnukan ba na kowa ba ne, kuma ba a bar su da yunwa ba.

A 1910 sababbin masu mulki, waɗanda ke son birnin ya yi kama da biranen Turai, suka sa aka kame karnukan, dubbai masu yawan gaske, aka loda su a jiragen ruwa aka zube su a wani ɗan tsibirin dutse a tekun Marmara mai suna Sivriada, inda ba inuwa ba abin ci. Ba a yanka su ba, ba a harbe su ba, an bar su ne yunwa da ƙishirwa su gama da su, har suka riƙa cin junansu. Mutanen unguwanni sun ɓoye waɗanda suka iya ɓoyewa. Da girgizar ƙasa ta zo a 1912, yaƙin Balkan ya biyo baya daular ta rasa mafi yawan ƙasarta ta Turai, talakawan birnin suka riƙa cewa alhakin karnuka ne. Hisabin wannan yana wurin Allah. Abin da ya shafe mu shi ne talakan Musulmi na wancan lokaci, wanda ba ya yarda kare ya taka masa darduma, shi ne ya ga abin da aka yi a matsayin zunubin da zai iya jawo wa gari bala'i. Maganar ba ta mutu ba a Turkiyya, don ko a 2024 da majalisarsu ta yi dokar kwashe karnukan titi zuwa matsugunai, sai da jama'a suka fito zanga-zanga.

Turawa kuwa nasu tsarin ya zo ne ta hanyar ƙungiya da doka. An kafa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi a Ingila a 1824, ta Faransa a 1845, a 1860 kuma wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karɓar ɓatattun karnuka a Landan, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea, yana nan har yau. Daga irin waɗannan gidaje ne al'adar zuwa a ɗauki yasasshen kare a riƙe ta bazu. Yaranmu suna ganin wannan a waya suna zaton abin na Nasara ne kaɗai. Shekara ɗari shida kafin gidan Landan, Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 660 bayan Hijira, ya riga ya rubuta haƙƙoƙin dabba a kan mai ita, a ciki har da ci gaba da ciyar da ita ko ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita.

Akwai dalili guda na tsoron kare da ba al'ada ba ce, shi ne ciwon haukan kare. Larabawa sun san shi tun jahiliyya, har suna camfa cewa jinin sarakuna ne maganinsa. Ibnu Sina ya siffanta yadda wanda ya kamu yake tsoron ruwa alhali ƙishirwa na cinsa. Ba a sami makari ba sai ranar 6 ga Yuli 1885, da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar da ya haɗa, yaron ya rayu. Sarkin Musulmi na Istambul, Abdulhamid na Biyu, ya aika wa Pasteur gudummawa da likitoci su koyo, a 1887 aka buɗe asibitin wannan ciwo a birninsa. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwon yana iya kwanciya a jiki wata biyu ko uku, raunin ya warke kowa ya manta, in alamunsa suka fito kuwa sai dai addu'a.

A nan nake son a rarrabe, don kada wani ya ce Malam ya ce yawun kare tsarkakakke ne. Tsarkin salla daban, lafiyar jiki daban. Guba ma ai ba najasa ba ce. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko ya lasar masa rauni, a wanke wurin da ruwa mai gudu da sabulu minti 15 cur, a kai shi asibiti a ranar, a faɗa musu kare ne don su fara allura. Ban hana tofi da addu'a ba, a yi su a kan hanyar asibiti. Babin Risalar da ya yi maganar karnuka shi ne dai ya halatta neman magani. Karen da ya yi cizon kuma, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya sake shiga hatsari ba, a tsare shi likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10 zuwa 15, don halinsa a kwanakin nan shi zai nuna ko yana ɗauke da ciwon. Iyaye kuma ku daina dukan yaro don kare ya cije shi, tsoron dukan ne ke sa su ɓoye.

Yanzu mu dawo kan uwar nan da kwikwiyon ɗanta. Tambayoyi biyu ne a ciki. Ta farko ceton rai, wannan ba saɓani, fitar da shi daga kwata da ba shi ruwa aikin lada ne ko da gobe za a ba da shi. Ta biyu riƙe shi, wannan kuma ya danganta da buƙata. In gidan yana da abin tsaro na gaskiya, to ni a ganina ɗaukar irin wannan ya fi sayen berje ko wani ƙaton karen waje da kuɗi masu yawa. Na farko, an yi hani a kan kuɗin kare, malamanmu kuma sun yi saɓani a kan sayar da wanda aka yi izininsa, har Sahnun mai Mudawwana ya ce shi zai sayar ya yi hajji da kuɗin, wasu suka ƙi. Wanda ya tsinta ko aka ba shi kyauta ya fita daga saɓanin gaba ɗaya. Na biyu, karen ƙasar nan ya san zafinta da kaskarta. In kuwa gidan ba buƙata, a nema masa mai gona ko mai kiwo ko mai gadin da aka sani. Amma babban kare da aka gani a titi yana dalalar da yawu, ko yana tangaɗi, ko ya yi laushin da ba a saba gani ba, kada kowa ya kai masa hannu da sunan tausayi, a sanar da hukuma. Kwikwiyon ma likitan dabbobi ne zangonsa na farko. Ana fara allurar haukan kare yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce, a adana takardar, karne ɗin nan, don ranar da ya ciji ɗan maƙwabci ita za a fara tambaya. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon yakan daina yawo a garin.

Mazauninsa tsakar gida ne, ba ɗakin kwana ko wurin salla ba. Haɗɗabi ya ce hadisin mala'iku bai shafi karen da aka yi izininsa ba, Nawawi ya ce ya game kowane kare, wanda ya bar shi a tsakar gida ya huta da wannan gardama. Ya kasance da kaskonsa na ci da na sha daban, nesa da butoci da randa. Abin da na fi gani a unguwa, kuma yake ba ni tsoro ga masu yin sa, shi ne kare ɗaure da sarƙar da ba ta kai kamu biyu ba, ƙarƙashin kwano a zafin watan Maris, kaskon ruwansa a kife tun safe, wai don ya ƙara zafin rai. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, laifinta ke nan, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Irin wannan karen kuma ranar da sarƙar ta tsinke, ɗan gidan yake fara cizo. Da damina kuma ku tuna ƙasarmu kwari ce, wanda ya ga ruwan 2010 ba sai an ba shi labari ba. Mutane na kwashe katifa da yara cikin dare, a manta da dabbar da ke ɗaure a ƙasa. A ɗaga masa wurin kwanciya tun kafin ruwa ya sauka.

Shinkafar ɓera da kwalaben fetur na kpayo a ɗauke su daga inda bakinsa zai kai. In ƙazuwa ta kama shi kada a shafe shi da baƙin mai na inji yadda wasu ke yi, yana lashewa ya shiga cikinsa, maganinta yana wurin likita. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji, albasa da cakulan ma cuta ne gare shi. Ƙofa kuma a rufe, don karen da ke fita titi ko zemijan ya buge shi, ko ɓarayin karnuka su jefa shi a buhu, ko ya dawo da cizon wani karen da ba a san lafiyarsa ba. Da rana lokacin shigar baƙi da almajirai ya kasance a killace a wuri mai inuwa da faɗi, a sake shi bayan an kulle gida. Fiƙihunmu ya ɗora wa mai kare mai cizo alhakin ɓarnar da ya yi in an riga an gargaɗe shi, saboda haka in maƙwabci ya zo maka da ƙorafi sau ɗaya, ka ɗauka an kafa maka shaida.

In ya tsufa, haƙoran suka zube, haushin ya dushe, abincinsa yana nan a wuyanka yadda Izzuddin ya rubuta. Kada a ɗauke shi a mota a kai shi bakin teku ko bayan Dantokpa a sauke a juyo, kada kuma a miƙa shi ga mai sayen da ka san yanka shi zai yi. In ciwo ya ci ƙarfinsa har ba sauran fata, a kira likitan dabbobi ya duba shi, shi ya san hanyar da ba azaba a cikinta. Allah ne Mafi sani.